Ƙafa Goma Sha Shida

Shekarar da babban limamin coci ya hana cin kasuwa a maƙabartar da ke harabar coci, Estrild ta yi kwana uku tana faɗa, kuma Odo mijinta ne ya sha faɗan, shi da ba a ko shawarce shi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Lahadi tana sauko da cukunta daga kan tudu, ta kasa shi a gindin bangon cocin Kelstow, tsakanin mai ƙwai da mai gishiri, mutane su fito daga addu'a su sayi na mako. Ba wanda ya taɓa cewa ta tsare masa hanya.

"Matattun ne suka kai ƙara?" in ji ta. "Ni dai tun da nake zama kusa da su ban ji ɗaya ya yi ko tari ba."

Odo ya ce haka ne. Odo kullum haka ne yake cewa, abin da ke ƙara tunzura ta ke nan.

Kelstow ta wancan zamani ba ta wuce coci da maƙera da gidaje kamar arba'in ba, sai hanyar da fatake ke bi da ulu zuwa bakin teku. Amma mai ƙasa ya ga akwai samu a hanyar nan, bai kuwa yarda kasuwa ta mutu ba. A kwana na huɗu wakilinsa, wani dogo busasshe mai suna Warin, ya tsaya a ƙofar coci ya yi shela. Za a mayar da kasuwa ranar Alhamis. Za a riƙa cin ta a faffaɗan filin da ya gangara daga ƙofar coci zuwa rafi. Gefe ɗaya akwai tsofaffin gidaje. Ɗaya gefen kuwa, inda ba kowa sai agwagi, za a yanka shi filaye, kowanne faɗin sandar awo biyu, a kafa gida da rumfa. Sannan ya faɗi abin da ya sa Estrild ta haɗiye sauran faɗanta: duk wanda aka kafa wa turke, ƙofarsa tana kallon kasuwa, ya zama ɗan gari. Ya fita daga gandu, shi da matarsa da 'ya'yansa.

Ita da Odo mutanen gandu ne, iyayensu ma haka. Ba a kai su kasuwa a sayar, gaskiya ne, amma ba su da ikon barin tudun nan sai da izini, kuma duk Litinin da Laraba da Juma'a, da an busa ƙaho a gonar mai ƙasa, Odo zai ajiye ko mene ne a hannunsa ya tafi. Ko tasu alkamar na zubewa, ko tunkiya na naƙuda. A gonar nan garma ta tafi masa da ƙaramin yatsan ƙafar hagu, bayan kwana biyu aka busa ƙaho, ya ɗaure ƙafar da tsumma ya ɗingisa ya koma. 'Ya'yansu mata biyu, su ma abin da ke jiransu ke nan. Estrild ta tsani ƙahon nan. Takan ji shi har cikin haƙoranta.

Ba ta bari shelar ta huce ba, ta jawo Odo ta hannun riga har gaban Warin.

"Mutum takwas sun riga ku," ya ce, bai ko ɗago daga takardarsa ba. "Ku ne na tara, can ƙarshe a bakin rafi. In ƙasar ta kai."

"Za ta kai, ranka ya daɗe?"

"Na taka ta da ƙafata, tara za ta ɗauka cif. Amma ba takuna ne doka ba, uwar cuku. Sanda ce doka, ita kuwa sai Lahadi mai zuwa za a yanke ta."

Ko yaron goye a Kelstow ya san yadda ake yanke sandar awo. Ranar Lahadi, in an tashi daga addu'a, wakili zai tsaya a ƙofa ya tare maza goma sha shida da suka fara fitowa, dogo da gajere, yadda Allah ya fito da su. Su jeru, kowa ya ajiye ƙafarsa ta hagu a bayan ta ɗan'uwansa, yatsa na taɓa dunduniya. Tsawon da ƙafafun nan suka bayar shi ne sanda, a yanke ice daidai da shi, ba mai gardama kuma. Tun kaka da kakanni haka ake yi, don kada wani ya ce an auna masa ƙasa da ƙafar mai iko.

Estrild ta koma gida ranar tana waƙa, har Odo ya riƙa satar kallonta ko lafiya.

Ranar Juma'a ta sauko gari kai wa matar Hamo baduku cuku. Ba ta tarar da matar ba, sai ta leƙa rumfar aikinsa, ta kuwa ga abin da bai so ta gani ba. Sabbin takalma ne jere a kan katako, fata na sheƙi, kowanne da dogon baki mai tsini, an cusa masa gansakuka don ya miƙe. Ta ƙirga su da ido. Na mutum goma sha shida.

"Baba Hamo, biki ake a garin ban ji ba?"

Ya yi wuf ya ja buhu ya rufe su, bayan ta gama gani. "Yayi ne, Estrild. Abin da manya ke sawa ke nan a birni."

"Manyan birni nawa ne a Kelstow? Ni na san Gamel maƙeri, na san mai burodi da ke tafiya kamar agwagwa. Su ne za su sa wannan?"

"To, an hana talaka ado ne?"

"Ran Lahadi za a yi adon?"

Hamo ya ajiye basilla. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da in ya ga ƙofar riba a buɗe ba ya tambayar wa ke kwance a bayanta. Shi ne na biyu a takardar Warin, kuma shi ya kawo dabarar. Masu filayen nan takwas, da ƙannensu da surukansu takwas, su za su tare ƙofar coci su fara fita. Kowane takalmi ya ɗara ƙafa da yatsa biyu. Yatsa biyu ba komai ba ne, amma sau goma sha shida ya zama abu, a kuma kwantar da sandar nan sau goma sha shida daga ƙofar coci zuwa ƙasa, sai ka ga filaye takwas sun lashe ƙasar tas har bakin ruwa.

"Ba ke muka nufa ba," ya ce. "Kowa ɗan ƙari yake so. Ina da fatu, ina da yara, ina zan zuba su?"

"Na ji ba ni kuka nufa ba. Ni kuka samu dai."

Ta dire masa cukun a kan katako da ƙarfi, ta fita. Daga nan gidan wakili ta nufa, ta same shi yana duba ƙafar dokinsa. Ya saurare ta har ta gama, abin da ba kowa ke iyawa ba.

"Na ji labarin takalman tun jiya," ya ce. "Ni ma tara nake so, maigidana ma tara yake so. Amma al'ada ta ce yadda suka fito. Ba ta ce a tuɓe wa mutum takalmi ba. Ranar da na fara zaɓen ƙafar da za a auna, ranar sandar ta tashi daga ta gari ta koma tawa. Kin gane?"

Ta gane, gane ɗin ne ma ya fi ciwo. Sai ta gangara maƙera, don ta san ko Hamo ya kawo dabara, in Gamel bai ɗaga kai ba ba wanda zai bi. Gamel ƙato ne mai furfura a gemu, ƙafarsa kamar faranti, shi ke sasanta rigimar gari tun kafin ta kai kunnen wakili. Ta tarar yana dukan ƙarfen garma, ta tsaya har ya tsoma shi a ruwa.

"Sannu da aiki, Baba Gamel."

"Yawwa, 'yar tudu. In maganar takalmi ce, an gama ta."

"Ashe har ka san abin da ya kawo ni."

"Duk garin ya ji ki a rumfar Hamo, har kurman da ke gadin gada." Ya share gumi da bayan hannu. "Dubi nan. Ki dubi inda nake aiki. In doki ya shigo, ni sai na fita. Shekara talatin ina gwara kai da bango. Taƙi uku zan ƙara, shi ne zunubin?"

"Taƙi uku kake nema. Ni kuwa mijina nake nema, da 'ya'yana biyu."

"Za a yanka wasu filayen wata shekara."

"Ina? A cikin rafin?" Ta matso kusa da shi. "Baba Gamel, kakata ta san mahaifinka. A tudunmu aka haife shi, bukkarsu na nan har yau, awaki ke kwana ciki. Da ƙafa ya sauko garin nan, wani ya matsa masa ya zauna. Kai ba ka taɓa jin ƙahon nan ya kira sunanka ba. Shi ya ji."

Fuskar Gamel ta haɗe. "Kada ki sa ubana a bakinki."

"Na fitar da shi. Sai Lahadi."

Ya ɗauki masaba ya ci gaba da duka, duka kuwa na huce haushi, don ƙarfen ya riga ya yi sanyi. Estrild ta hau tudu tana kuka, tana zagin kanta da saurin baki. Ta je neman alfarma ta ƙare da tsokano mutum.

Amma ita ba mai kwanciya ta jira ba ce. Safiyar Lahadi, ana yayyafi mai sanyi irin na ƙarshen kaka, Odo ya duba ƙarƙashin gado bai ga takalmansa ba.

"Na ɓoye," ta ce. "Yau ba ka da takalmi."

"Cikin wannan sanyin?"

"Ka ji ni da kyau. In mun shiga, kada ka je inda ka saba tsayawa. Ka liƙe a jikin ƙofa. Fada limaminmu na cewa amin, ka faɗa waje, ko ta ƙarƙashin hammatar wani ne. Duk garin nan ba mai ƙaramar ƙafa kamar taka, yau dai ta yi mana rana."

Odo ya dubi ƙafafunsa. Tun yana yaro ake tsokanarsa da su, wai ya ari na ƙanwarsa bai mayar ba. "Ƙafa ɗaya cikin goma sha shida, Estrild. Me za ta rage?"

"Ban sani ba. Ita ke gare mu."

Bai ce haka ne ba wannan karon. Ya dai ɗauki ƙaramar 'yarsu ya saɓa a wuya, suka gangara, taɓo na fitowa ta tsakanin yatsunsa.

Ba a taɓa addu'ar da mutane suka ƙi matsawa gaba irin ta ranar ba. Fada na can yana karatunsa shi da tsofaffin mata, maza kuwa sun cunkushe a bakin ƙofa, kowa da takalmi mai baki kamar na zalɓe, suna taka juna suna ba juna haƙuri ƙasa-ƙasa. Estrild na ɓangaren mata, ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin Fada ba. Idonta na kan ƙeyar Odo, da ke maƙale a bango tsakanin ƙattai biyu.

Ana cewa amin aka yi waje. Warin na tsaye yana ƙirga kawuna da sandarsa. Goma sha uku, goma sha huɗu. Gamel ya fito na goma sha biyar, a hankali, kamar wanda ba ya son fitar. Na goma sha shida surukin Hamo ne ya kamata, wani saurayi mai gaggawa, amma bai saba da dogon baki ba, tsinin takalminsa ya harɗe a dokin ƙofa ya tafi rub da ciki. Kafin ya tashi, Odo ya tsallake shi.

"Goma sha shida," in ji Warin, ya sauke sanda a bayan Odo.

"Ai wannan ba ya ciki!" Hamo ya yi tsalle. "Nawa ne ya fara kai ƙofa!"

"Hancinsa ne ya fito, ba ƙafarsa ba. Ku jeru."

Mata suka fashe da dariya, Estrild kaɗai ce ba ta yi ba. Suka jeru a kan hanya, ƙafar hagu bayan ƙafar hagu, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa don kada ya faɗi. Takalma goma sha biyar masu sheƙi, sai can ƙarshe 'yar ƙafar Odo tsirara, ta yi ja don sanyi, yatsu huɗu. Warin ya kwantar da dogon ice a gefensu, ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya juya ya kalli gangaren har rafi, ya daɗe yana kallo.

"In na yanke a nan," ya ce, "takwas za ta ɗauka. Na tara ba shi da wuri."

 Estrild ta riƙe babbar 'yarta da ƙarfi har yarinyar ta ce wayyo. Duk dabararta, duk sanyin da ta sa bawan Allah ya sha, abin bai rage ko taƙi ɗaya ba.

Warin ya zaro wuƙa zai yi alama. Odo kuwa sanyi ya gama cin ƙarfinsa, ƙafarsa sai karkarwa take tana bugun dunduniyar Gamel.

"Yi haƙuri, Baba Gamel," ya ce a hankali. "Ba da gangan ba ne. Ta ƙi tsayawa ne."

Gamel ya waiwayo ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙafar nan, da gurbin yatsan da babu. Shi ya ƙera garmar da ta cire shi, duk garmar gandu daga maƙerarsa take fita. Me ya tuna, ba wanda ya sani, don bai taɓa faɗa ba har ya mutu. Abin da kowa ya ji dai shi ne tsawar da ya daka.

"Dakata, wakili! Hamo, wannan takalmi ka ɗinka ko tarkon ɓera? Tun safe yake cina. Na rantse ba zan ƙara numfashi ɗaya a cikinsa ba."

Ya sunkuya ya fizge na hagu, ya fizge na dama, ya yi jifa da su kan bangon coci. Ya dasa ƙatuwar ƙafarsa cikin taɓo.

"Gamel, me haka?" Hamo ya ce. "Da kaina na auna ka! Ranka ya daɗe, ai an riga an jeru!"

"Ban yanke ba tukuna," in ji Warin, ya mayar da wuƙar kube. "Ni ba na tuɓe wa kowa takalmi. Ban kuma ga inda aka hana mutum tuɓe nasa ba."

Mai burodi ne ya biyo baya. Ya dubi Gamel, ya dubi matarsa da ke harararsa daga cikin mata, ya ce shi ma dama nasa ya matse masa babban yatsa. Sai ƙanin Gamel. Sai wani masaƙi da Estrild ta taɓa yi wa jinyar uwa, ya cire nasa, bai yarda sun haɗa ido ba. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙaryar da ya samu: wannan ƙusa, wancan ƙaiƙayi. Mata suka shiga yi wa sauran ature.

"Kai mai gishiri, kai naka bai cije ka ba? Ko ƙafar ce ba ka wanke ba kake jin kunya?"

Kada dai a ce duk garin ya zama waliyyai ranar. Mutum bakwai suka kafe, Hamo a gabansu, ya ce shi ba zai tsaya a bainar jama'a ya ƙaryata aikin hannunsa ba. Aka sake jeruwa, ƙafa tara tsirara, bakwai da takalmi. Layin ya ja baya. Warin ya yi alama, aka sare icen, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Zai kai?" Estrild ta tambaye shi, ta ma manta da ranka ya daɗe.

"Ƙasa za ta faɗa."

Aka fara daga ƙofar coci. A kwantar da sanda, a ɗaga, a sake kwantarwa, a buga turke, Warin ya kira suna. Duk garin na biye, har Fada ya tattare rigarsa ya shigo taɓo. Fili na farko. Na biyu, na Hamo, ya tsaya a kai yana ƙunƙuni. Na huɗu na Gamel, bai ko tsaya duba shi ba, ya karɓi gudumar ya ce shi zai riƙa buga turakun. Estrild ba ta kallon sandar, rafin take kallo, tana ganin yana matsowa. A fili na shida ta tabbata ba zai kai ba. A na bakwai ta ce wataƙila. Da aka buga turke na takwas ta rufe ido, sai da ta ji Odo ya taɓa mata hannu ta buɗe.

Akwai saura. Warin ya kwantar da sanda sau ɗaya, ta shige. Ya ɗaga ya sake kwantarwa, kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya samu ƙasa, sauran ya yi ruwa, agwagi suka watse.

"Sanda biyu aka ce fili," in ji Hamo daga baya. "Wannan bai kai ba."

Gamel ya juya da guduma a hannu, ya dube shi kawai. Warin ya buɗe takardarsa, ya bi ta da yatsa, ko da yake ya san abin da ke ciki.

"Abin da aka rubuta, wanda ƙofarsa ke kallon kasuwa. Uwar cuku, ƙofa za ta shiga nan?"

"Ƙofa da taga, ranka ya daɗe! Har da wurin kasa cuku!"

"Mijinki ƙarami ne dama, ba zai ci wuri ba. Buga, maƙeri."

Gamel ya buga turken nan sau uku, ya nutse kusan duka. Warin ya kira sunan Odo da ƙarfi yadda ya kira na sauran, ya ƙara da cewa ɗan gari. Estrild ta matso wurin. Ta durƙusa a taɓo ta riƙe turken da hannu biyu tana kuka, ba ta damu da wa ke kallo ba. Da ta samu murya ta je ta tsaya gaban Gamel.

"Baba Gamel, maganar da na faɗa ran Juma'a..."

"Ke dai ki kawo cuku," ya ce. "Mai tauri, ba irin wanda kike ba Hamo ba. Ki kuma mayar wa mutumin nan takalmansa kafin ya rasa sauran yatsun."

Mura ta kwantar da rabin mazan garin a makon nan, matansu suna dafa musu ruwan zafi suna yi musu dariya. Tun ba a kafa ko gida ɗaya ba aka fara kiran wurin Layin Marasa Takalmi, sunan kuwa ya bi shi. Hamo ya yi wata biyu ba ya gaisa da Estrild, daga baya ya sauko, don ba wani cukun kirki a garin sai nata.

Washegarin awon, Litinin, suna can bukkarsu ta kan tudu, don gida ba ya tashi a kwana ɗaya. Gari ya waye, Odo na zaune bakin murhu da ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi, Estrild na yanka wa yara burodi. Sai aka busa ƙaho a gonar mai ƙasa.

Odo ya zabura. Ya fitar da ƙafa daga ruwan, ya jawo takalmi, har ya kai hannu ga fartanyarsa da ke jingine a bayan ƙofa. Estrild ta ajiye wuƙa. Ta zo ta zare fartanyar daga hannunsa a hankali, ta mayar inda take.

"Zauna, maigida," ta ce. "Ba da kai ake ba."

Ya tsaya yana kallonta. Aka sake busawa, dogo, yadda akan yi wa masu nawa. Suna jin ƙofofin maƙwabta na buɗewa, ana wucewa ta bayan bukkarsu. Odo ya koma ya zauna a hankali, ya mayar da ƙafafunsa cikin ruwan. Ta sa masa burodi da cuku a hannu.

Ya ci, ya ce a ƙara masa.